Wa Ya Kunna Wutar Mattock Falls, Sanata Tarbox?

Ni ne Rosaire Gendron. Lokacin da aka rufe masaƙar Mattock Falls, masu ita suka kwashe injinansu suka yi kudu, ni na sayi madatsar ruwan da suka bari tana ruɓewa. Ba banki, ba gwamnati, ba gadon uba. Ubana masaƙar ya bauta wa har ƙurar auduga ta cinye masa huhu, abin da ya bar mini kuwa agogon hannu ne da ba ya tafiya. Ni na yashe lakar bakin madatsar da shebur. Ni na ciro tsohon injin ruwan daga ƙarƙashin ɓaraguzai, na warware shi noti bayan noti, na yi masa walda, na mayar da shi mazauninsa. Ni na kafa turaku na ja waya har bakin titi. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na ga ƙarshenta. Ranar da ruwa ya juya farfela, ƙwan fitila ya kama a ɗakin injin, mutum biyu ne a wurin, ni da matata Claudette. Ita kuwa ba na sa ta cikin masu taimako, don ni da ita abu ɗaya ne.

Da gangan na fara da kaina, kuma mai karatu zai ga dalili.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa Sanata Orrin Tarbox rasuwa a asibitin gunduma, yana da shekara saba'in da tara, bayan jinyar ciwon zuciya. An yi masa addu'a ranar Asabar a cocinsu na kan tudu. Binnewa sai ƙasar da ƙanƙara ta daskarar ta saki a watan Mayu, kamar yadda muka saba da duk wanda ya tafi cikin sanyi. Mutuwa rigar kowa ce, ni ma tawa tana rataye, don wata huɗu kawai ya ba ni.

Mai jaridar garinmu ce ta bugo mini waya. Ta ce, "Baba Rosaire, kai ne tsohon amininsa, ka rubuta mana ɗan wani abu mana." Na ce, "'Yata, wa ya gaya miki?" Ta ce ai kowa ya sani. Na ce, "To zan rubuta, amma ba za ki taɓa mini ko wasali ɗaya ba." Ta yarda. Yarinya ce, ba ta san abin da ta saya ba.

Orrin, yanzu da kai nake.

A takardar da aka raba mana a coci, ƙarƙashin hotonka, an rubuta cewa kai ne ka farfaɗo da madatsar Mattock Falls, ka kunna wuta mai tsabta ta farko a kwarin nan. Ranar Alhamis mai zuwa majalisar dattawan jiha za ta yi zaman tunawa da kai. Za ta sa wa dokar makamashi sunanka, a karanta waɗannan kalmomin daidai yadda suke, su shiga kundin majalisa. Abin da ya shiga wannan kundi ya zauna ke nan har abada. Tsofaffin da suka ga lokacin da nake tura baro cike da laka sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Saura ni. In na yi shiru yau, jikokina ma za su tashi suna cewa kai ka yi.

Bari mu fara da hoton, tun da shi ne uwar ƙaryar. Wuta ta daɗe tana fita daga madatsar nan kafin ranar da ka sauko da takalminka mai ƙyalli, kana matashin lauya mai neman kujera, jikan manajan masaƙa, da mai hoto a bayanka. Mun yi makaranta ɗaya, amma ku na kan tudu ba ku cika sanin sunan 'ya'yan Faransawan unguwar ƙasa ba. Ranar dai ka san nawa.

Ka ce, "Rosaire, mutumina! Ara mini rigar nan taka."

Na ce, "Wannan? Giris ne da warin kogi."

Ka ce, "Ai shi nake nema."

Na tuɓe na ba ka. Ka sa, ka kama babban sitiyarin da ke buɗe ƙofar ruwa, ka ce, "Ina ake juyawa?" Na ce, "Riƙe kawai, ranka ya daɗe, kada ka ɗauke wa rabin gari wuta." Muka yi dariya, har da Claudette da ta kawo muku kofi. Da hoton ya fito a jikin kowane turke a gundumar nan, kai ne da rigata da sitiyarina, ni kuwa gwiwar hannuna ce kaɗai ta rage a gefe. Ban damu ba a lokacin. Na ɗauka wasa ne. Rigar ba ta dawo ba. Shekaru bayan haka na shiga ofishinka a babban birnin jiha, na same ta rataye a bango bayan kujerarka, cikin gilashi. Mutumin da hannunsa bai taɓa sanin nauyin sifana ba.

Ka ci zaɓe. Sai ka zo da maganar doka, kuma zan faɗi gaskiya, maganar ta shige ni. Ka ce za a tilasta wa kamfanonin da ke sayar mana da wuta cewa wani kaso na abin da suke sayarwa dole ya fito daga ruwa ko iska ko rana, ba kwal da mai kaɗai ba, kason kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Ka ce, "Rosaire, ranar da dokar nan ta wuce, su za su riƙa bin ka suna roƙon wutarka." Mutumin da ya sha zaman benci a ofishin kamfani yana jiran a saurare shi, ka gaya masa haka, ai ka gama da shi.

Shekara biyu kana yawo da ni gari gari. Babu cocin da ba mu ci waken da ake dafa wa jama'a daren Asabar a cikinsa ba daga nan har bakin teku. Kai ka yi jawabi, sannan ka nuna ni, ka ce, "Ga shaida nan a tsaye. Tashi su gan ka, Rosaire. Nuna musu hannuwanka." In tashi in nuna hannuwa. Da motata muke zuwa, don ka ce taka ta yi kyau da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai ni kurar da kaina nake tuƙa gardin.

Ranar da kwamitin majalisa ya saurari jama'a, lauyoyin kamfani sun cika layin gaba. Suka ce wutar iska da ta ƙananan madatsai wasan yara ce, in aka dogara da ita jihar za ta kwana a duhu. Da aka kira ni, aka nuna mini 'yar fitilar da ke kan tebur, aka ce in ta yi ja in yi shiru. Na faɗi abin da na sani. Na faɗi gidajen da ke shan wutata, da makarantar firamare, da gidan tsofaffi. Fitila ta yi ja. Shugaban kwamiti ya ce, "Mista Gendron, lokacinka ya ƙare." Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin jiha na ratso kafin in zo nan, ƙwan fitila ba zai kore ni ba. Irinsa nake kunnawa." Ɗakin ya fashe da dariya, ya bar ni na ƙarasa. A waje ka matse mini kafaɗa, ka ce, "Bafaranshe, yau ka yi mini aikin shekara." Maganarka ce, ba tawa ba. Ina ma wani ya rubuta ta.

Sai ranar ƙuri'a ta ƙarshe. Duk wanda ya taɓa shiga majalisar nan ya san al'adarta. Baƙi suna zama a benen sama. Sanata yana da damar miƙewa ya ce wa shugaba yana da baƙo a sama, ya kira sunansa, baƙon ya tashi, a tafa masa, magatakarda ya sa sunan a kundin ranar. Ana yi wa 'yan ƙwallon makaranta, ana yi wa wanda kabewarsa ta fi ta kowa girma a kasuwar baje koli. Kai da bakinka ka ce mu zo. Claudette ta saya mini laktaye, na farko a rayuwata bayan na aure.

Doka ta wuce. Ka miƙe. Ka kira 'yan aji huɗu na wata firamare, suka tashi. Ka kira wani mutum daga kamfanin injinan iska na wata jiha. Ka kira mataimakin shugaban kamfanin wuta, wanda makonni kaɗan kafin nan lauyoyinsa ke kiran aikina wasan yara, ka ce ya nuna dattako. Ka kira surukarka. Claudette ta dafa gwiwata ta ce, "Yanzu kai ne." Na riga na ɗago daga kujera. Sai ka ce, "Na gode, shugaba," ka zauna.

Claudette ta ja bayan kwat ɗina. Ta ce, "Zauna, Rosaire, mutane na kallo."

A hanyar gida ta ce wataƙila mantuwa ce. Mace ce mai kyautata zato, Allah ya jiƙanta. Ni ma na so in yarda. Sai da gwamna ya sa hannu, na ɗauki takarduna na tafi ofishin kamfani don a sa ni cikin waɗanda doka ta ce a sayi wutarsu, sannan na gane. Wata baiwar Allah da ke zaune a bayan tebur ta duba, ta sake dubawa, ta rage murya ta ce, "Baba, ai naka ba ya ciki." A kwanakin ƙarshe, da 'yan majalisar dattawa da na majalisar wakilai suka kulle ƙofa suna daidaita ƙudurin, an saka layi ɗaya. Wutar da doka za ta lissafa ita ce ta wuraren da suka fara aiki bayan an kafa dokar. Duk wanda ya riga ta, tsoho ne, ba ya cikin lissafi. Laifina shi ne na yi abin tun kafin a ce a yi.

Ban neme ka a ofis ba. Na san inda ake samun kowa a garin nan, jujin gari ranar Asabar da safe. Na same ka kana sauke tsofaffin jaridu daga bayan mota, kana gaisawa da masu ƙuri'a.

Ka ce, "Haba Rosaire, a juji za mu yi wannan maganar?"

Na ce, "Nan ne ya dace da ita."

Ka ja ni bayan tulin kwalabe. Zan faɗi hujjarka yadda ka faɗe ta, don ba na cin naman matacce da ƙarya. Ka ce, "Kamfanin nan yana da manyan madatsai tun zamanin kakanninmu. In na bar tsofaffi su shiga lissafi, da su kaɗai zai cika kasonsa, ba zai dasa ko farfela ɗaya ba. Doka ta zama takardar ƙunsa kifi."

Na ce, "To ka ware ƙanana irina."

Ka ce, "Na nema. Waɗanda ƙuri'ar ke hannunsu suka ƙi. Ko kai, ko doka."

"Ka zaɓa ke nan."

"Na zaɓa. Da kai ne a kujerata, haka za ka yi."

Na ce, "Da ni ne, da na gaya maka kafin ka ɗaura laktaye ka hau bene."

Ka kalli takalminka. Sannan ka ce, "Da wane ido zan kira sunanka, alhali na san abin da ke cikin takardar?" Ashe ba mantuwa ba ce. Ka gan ni sarai a sama, ka ga Claudette da hularta ta zuwa coci. Kunya ce ta kama ka, in ji ka. Kai ka ji kunyar, ni na ɗauki nauyinta.

Daga nan ka fito da abin da ka ɗauka kyauta ce. Ka ce ka bar mini ƙofa a cikin dokar. Duk tsohon wurin da ya cire injinsa ya sa sabo fil, za a ɗauke shi sabo. Ka ce, "Ciro tsohon ƙarfen nan ka sayar wa 'yan gwangwan, ka sa na zamani, shi ke nan ka shiga. Dominka na sa wannan layin." Har kana murmushi. Na ce, "Orrin, in yanka ɗana don a ba ni takardar haihuwarsa?" Ka ce, "Inji ne fa, mutumina, ba ɗa ba." A nan na san duk shekarun da muka yi a mota ɗaya ba ka taɓa jin ko kalma ɗaya daga abin da nake faɗa wa mutane ba. Na shiga motata. Daga ranar ban ƙara kiran ka da sunanka a gaban jama'a ba, sai Sanata, kuma ka san da wace murya.

Ban cire injin ba. Yana nan yana juyawa yanzu da nake rubutun nan, ina jin sa ta ƙasan kujerata. Kamfani ya ci gaba da karɓar wutata a farashin wutar kwal, kamar yana yi mini alfarma. Waɗanda suka zo daga nesa da manyan motoci suka kafa injinan iska a kan tsaunin Blackcap su ne doka ta yi wa shimfiɗa. Inuwar giginya ce dokarka, na nesa ka sha ta. Ni kuwa duk kaka ina bakin ragar ƙarfen da ke tace ruwan injin da manjagara ina kwashe ganye, duk hunturu ina fasa ƙanƙara da sandar ƙarfe don ruwa ya samu hanya. Wutar tawa tsabtarta ɗaya da tasu. Kogin bai san ranar da gwamna ya sa hannu ba.

An ce a faɗi alherin mamaci, kuma kana da shi, ba zan ɓoye ba. Dokar ta yi aiki. Dogon bututun hayaƙin tashar wutar kwal da ke bakin kogi ya daina tururi, matan unguwar ƙasa suna shanya fararen zannuwa su kwashe su farare. Yaran garin nan da dama sun samu aikin hawa injinan iska, ba su bi sahun 'yan'uwansu zuwa wasu jihohi ba. Da ba ka tsaya ba, da ba a yi ba. Ka iya zama da maƙiyi a tebur ɗaya har ya gaji ya sa hannu, abin da ni ban iya ba kuma ba na sha'awar koya.

Shekarar babbar ambaliya, da ƙanƙara ta narke gaba ɗaya cikin kwana biyu kogi ya nemi cinye ɗakin injin, ka baro majalisa ka zo da kwat ɗinka, ka shiga layi kana miƙa buhunan yashi har hannunka ya tsage. Ba ma magana a lokacin. Ban kira ka ba. Na duba ko da mai hoto a bayanka, babu. Na sake dubawa, don na san ka, babu dai. Da ruwa ya ja baya ka wanke hannu a bokitina ka tafi.

Da ciwon daji ya kama Claudette, aka ce sai ta jira watanni kafin babban likita ya gan ta, kai ka ɗaga waya, cikin mako aka kira mu. Ka ce motata za ta girgiza ta, ka zo da taka ka kai mu birni da kanka, ka zauna a barandar asibiti wuni guda kana karanta tsohuwar mujalla. Ranar da muka kai ta makwancinta kana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, ɗan cocin kan tudu a cocinmu na Katolika, ba ka san lokacin durƙusawa ba. Na gode maka a ranar, ina kuma gode maka yau a gaban kowa. Kai mutum ne mai ba da motarsa da lokacinsa da ƙarfinsa. Abu ɗaya ne ba ka iya bayarwa, wurin tsayuwarka a hoto. Kuma na daɗe da lura cewa duk alherin da ka yi mini, a inda ba kowa ka yi shi. Cutar kuwa a gaban jiha guda ka yi ta.

Cikin watan Fabrairu na ji an kwantar da kai. Na je. Ka rame, an sa maka roba a hanci, amma bakin yana nan.

Ka ce, "Bafaranshe! Ka zo ka tabbatar ne?"

Na ce, "Na zo in ga ko za ka yi aiki ɗaya da hannunka kafin ka tafi."

"Wanne? In na gyaran famfo ne ka makara."

Na nuna maka wayar da ke gefen gadon. Na ce, "Kira yarinyar jarida. Gaya mata wanda ya tayar da madatsar nan. Gaya mata wanda ya tsaya gaban kwamiti. Layi uku ya isa."

Ka ce, "Haba, kowa a garin nan ya san kai ne."

Na ce, "Kowan nan duk sun mutu, Orrin. Jikar abokinmu Ovide Plourde ta tambaye ni ko shekara nawa na yi ina yi maka gadi."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Da ya lafa ka kama hannuna, ka ce, "Bari su sallame ni. Wallahi zan kira ta, mu zauna mu uku a ɗakin injin, in faɗa mata komai, har da rigar." Matarka Beverly ta shigo da miya a kwano ta ce kana buƙatar hutu. Na fita. A mota na zauna na ɗan jima kafin in tayar, don na yarda da kai. Tsoho da ni, na sake yarda da kai.

Ba a sallame ka ba. Na ce a raina, to, mutuwa ce ta riga shi, ba a yi wa ajali gardama. Da wannan zuciyar na hau tudu ranar Asabar, na zauna a bencin baya. Har na karanta layin nan na cikin takardar coci na ce aikin yara ne da ba su sani ba, suka kwafo daga tsohuwar fosta. Bayan an tashi, a ɗakin cin abinci na coci, Beverly ta zo ta riƙe hannuwana biyu. Ta ce, "Rosaire, ka ga takardar? Ta yi kyau, ko? Shi da kansa ya duba ta a gadon asibiti, da wadda za a karanta a majalisa. Ka san shi da tsanaki. Har sai da ya gyara shekarar da ya gama karatun lauya."

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Bayan zuwanka da kwana kaɗan. Ranar ma yana cikin nishaɗi."

Ba da mugunta ta faɗa ba, ba ta san abin da ta miƙo mini ba. Na ajiye kofin kofi na fita.

Ashe ka samu ƙarfin riƙe alƙalami. Ka karanta cewa kai ka farfaɗo da madatsar Mattock Falls, idonka biyu, hankalinka ɗaya, kana jin ƙamshin kabari, ka wuce layin ka je ka gyara shekarar karatunka. A majalisa ka ce ƙuri'a ce ta tilasta maka. A bene ka ce kunya. A gadon nan wa ya tilasta maka, Orrin? Babu kamfani a ɗakin, babu zaɓe a gabanka. Kai ne kawai da takarda, kuma ka so abin yadda yake. Wannan ita ce maganar da zan so in yi maka ido da ido, ka kuwa tafi inda ba a aika saƙo.

Duk da haka ba ni ne mai hisabi ba. Allah ya jiƙanka, Orrin Tarbox. Ya yi maka rahama, ya sa buhunan yashin nan da zaman barandar asibiti su yi nauyi a ma'auninka, ya yafe maka abin da ke tsakaninka da shi. Na faɗa da zuciya ɗaya. Abin da ke tsakanina da kai kuwa yana nan a duniya, kuma masu rai suna iya gyara shi.

Beverly, Allah ya ba ki haƙuri, ya cika miki gidan da ya yi miki faɗi. Na san daren farko da na biyu da na ɗari, na riga ki shiga. Ba ki da laifi a cikin wannan, kuma ranar da ƙasa ta saki za ki gan ni a bakin kabari da hulata a hannu. Winslow da Priscilla, ubanku ya yi wa jihar nan aiki, ku riƙe wannan, ya ishe ku alfahari ba sai an haɗa muku da nawa ba. Allah ya raya jikokinsa, ya sa su fi shi.

Saura ke, Sanata Noreen Philbrick, da kika gaji kujerarsa, wadda za ki miƙe ranar Alhamis ki karanta. Ku sa wa dokar sunansa, ban hana ba, tasa ce, da kyanta da muninta. Madatsar kuwa tawa ce. Kina da kwanaki a gabanki, hanyar Mattock Falls a buɗe take, ƙofar ɗakin injin ba ta da kwaɗo. Ki zo ki ga waldar da ke jikin ƙarfen, ki tambayi duk wanda kika ga dama. Sannan ki soke wancan layi, ki sa wannan a madadinsa, ki karanta shi da ƙarfi yadda magatakarda ba zai ce bai ji ba:

Rosaire Gendron, ɗan Telesphore Gendron masaƙi, shi ne ya tayar da madatsar Mattock Falls da hannunsa, ya kunna wutarta tun babu dokar da ta ce a yi, ya tsaya wa dokar nan har ta wuce, ita kuma ta bar shi a waje.

Ba na neman a canja doka, na tsufa da wannan. Ba na neman tafi ko allon tagulla. Ba kuma roƙo nake yi ba, ban taɓa roƙon kowa komai ba a garin nan. A rubuta sunana.